ƊIBAR MAGANI A GONA DA DAJI: Jawabin Malamin Gona ga Manoman Rano da Kibiya



Kun saba jin maganar taki da iri da feshi daga bakinmu. To, yau a kan wani amfanin gona za mu yi magana, wanda ba a shuka shi, ba a yi masa noma, amma kowane gida yana girbinsa. Ina nufin ganye da saiwa da sassaƙe waɗanda muke ɗiba domin magani. Ƙasarmu ƙasar itatuwa ce tun asali. Ga Maɗaci a ƙasar Rano, ga Ruwan Kanya, duk sunayen itatuwa ne suke ɗauke da su. Daga Rurum zuwa Tarai, da wuya ka shiga gidan da ba a ajiye da sabara ko bagaruwa ko sassaƙen marke.

Ban zo don in kushe maganin gargajiya ba. Maganin asibiti da yawa daga itace ya fito. Kunin na zazzaɓi daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka aka tace shi a 1820. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa na kwana uku, tushensa wani haki ne na ƙasar Sin, dangin tazargade, kuma matar da ta gano shi, Tu Youyou, ta sami lambar yabo ta Nobel a 2015. A nan gida ma, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa maganin sikila mai suna Niprisan daga tsirrai huɗu, cikinsu har da masoro da kanumfari da ganyen dawa.

Amma fa ku lura. Abin da yake da ƙarfin warkarwa, yana da ƙarfin cutarwa. Saboda haka kafin ka ɗaga gatari ko ka ɗora tukunya, akwai abubuwa biyar da ya kamata ka tabbatar da su. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

NA ƊAYA: SAN ABIN DA KAKE ƊIBA

Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Ku ɗauki tafasa da rai-ɗore. 'Yan gida ɗaya ne, a juji ɗaya suke fitowa da farkon damina, dukansu furensu rawaya ne. Tafasa tana da ganye shida a kowane hannu, uku nan uku can, bakin ganyen a zagaye yake, kwanson 'ya'yanta siriri ne dogo mai lanƙwasa kamar lauje. Rai-ɗore kuwa ganyensa ya fi yawa, bakinsa da tsini, kwansonsa a faɗaɗe yake, kuma in ka murza ganyen za ka ji wari. Tafasa ana kwaɗonta, ana miyarta. 'Ya'yan rai-ɗore kuwa suna lalata hanta da tsokar jiki. A arewacin Indiya an yi shekaru ana rasa yara ƙanana da wata cuta da aka kasa ganewa, daga baya likitoci suka gano ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore ne yaran suke ci a wurin wasa. Awaki da shanu da kaji ma yana kashe su in ya yi yawa a abincinsu.

Suna ma yana ruɗarwa. Itacen da muke kira darbejiya, wani ya ce dogon yaro, wani ya ce maina, mutanen Maraɗi su ce bedi. Itace ɗaya, suna huɗu. Akwai kuma suna ɗaya a kan itatuwa biyu. Maɗaci da maɗacin ƙasa ba su haɗa komai ba sai ɗaci. Maɗacin ƙasa, wanda wasu ke kira duman dutse, yaɗo yake yi, kuma shi da danginsa suna ɗauke da wata guba mai cin ƙoda a hankali, har ta kan kai ga ciwon daji. A ƙasar Beljiyam, tsakanin 1990 da 1992, aka ba mata wani maganin rage ƙiba da aka haɗa da saiwoyin ƙasar Sin. Ashe an musanya wata saiwa da ta dangin duman dutse, don sunayensu sun yi kama. Mata fiye da 100 suka sami ciwon ƙoda, da yawa sai da aka riƙa yi musu wankin ƙoda ko dashe. To, in haka ta faru a Turai inda ake da awo da rubutu, ina ga garin magani da aka ƙulla a leda ba suna ba komai?

Ga waɗanda kowa ya kamata ya nuna wa 'ya'yansa, ya ce kada su kusance su:

1. Zaƙami, mai fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya. Ba a banza ake ce masa haukata-yaro ba. Yana busar da baki, ya buɗe ƙwayar ido, jiki ya yi zafi, mutum ya fita hayyacinsa, wani ba ya tashi. A cire shi daga gona kafin girbi. A ƙasar Yuganda a 2019, 'ya'yan irin wannan haki suka shiga garin kunun agaji, ɗaruruwan mutane suka kwanta, wasu suka mutu.
2. Bini-da-zugu da zurma. 'Ya'yansu suna da maiƙo da ɗan gardi kamar gyaɗa, shi ya sa yara ke ci. Kaɗan sun isa su kawo amai da gudawa mai tsanani.
3. Idon zakara, 'yan jajayen ƙwayoyin nan masu ɗigon baƙi. In an tauna, guba ce mai kisa.
4. Tumfafiya da tinya. Nononsu yana ƙona ido, kuma na tumfafiya yana taɓa zuciya in an sha.
5. Samberu. Makiyaya sun san shi, ganyensa yana kashe dabba.

Wanda bai san itace da ganyensa da furensa da 'ya'yansa ba, kada ya ɗiba. Kada a aiki yaro ɗibar magani shi kaɗai. A bi dattijo ko maharbi ko mai magani da aka sani a gari, ya nuna da hannunsa. Mai tambaya ba ya ɓata.

NA BIYU: DUBI WURIN DA YA FITO

Zamanin kakanninmu daji daji ne, ba feshi. Yanzu kuwa kusan kowace gona ta sha maganin ciyawa ko na ƙwari. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a wannan yanki, tumatir da albasa da shinkafa da alkama, kuma kun san yadda ake yi wa tumatir feshi. Hakin da ya fito a kan kunya, ko a bakin hanyar ruwa, ko a gefen gonar da aka fesa, ya sha abin da gonar ta sha. Wanki ba ya fitar da shi duka, tafasawa ma ba ta kashe shi. Wani maganin ciyawar ma sai ya kwana uku ko huɗu kafin ganye ya nuna alama, kana ganinsa kore shar alhali ya riga ya sha.

Saboda haka kada a ɗebi magani a waɗannan wurare:

1. Gonar da aka yi wa feshi, da iyakarta, da wurin da ake wanke injin feshi.
2. Bakin kwalta, saboda ƙura da hayaƙi da baƙin mai.
3. Juji, da bakin kwata, da inda ake bahaya.
4. Kusa da wurin gyaran injuna ko inda ake zubar da tsofaffin batura.

In kai ne mai feshi, gaya wa maƙwabta. Ka kafa sanda ka ɗaura tsumma a bakin gona, don matan da ke ɗibar tafasa da zogale su gani su kauce. Wannan haƙƙin maƙwabtaka ne.

Masu hawa duwatsu neman hano da saiwoyi, ku yi hattara da kububuwa da kasa. A sa takalmi mai rufe ƙafa, a bubbuga da sanda kafin a sa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da mutum, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma allurar kashe dafi ce take tsayar da shi. Duk lokacin da aka ɓata wajen jiƙa saiwa, daga ran majinyaci ake cire shi.

NA UKU: ƊEBI, KA BAR ITACE DA RAI

A gonar mahaifina akwai wani maɗaci da mutum biyu ba sa iya rungume shi. A inuwarsa muke cin abinci lokacin noma. Masu sassaƙe suka yi ta zuwa, wannan ya ɗiba gabas, wancan ya ɗiba yamma, har wata rana wani ya haɗe tsakani, ya kewaye gindin gaba ɗaya. Ganye bai zuba nan da nan ba, har muka ɗauka ya tsira. Damina biyu ya yi, ya bushe. Yanzu kututture ne kawai.

Ga dalili. Ganye shi ne ɗakin girkin itace. Abincin da ganye ya dafa, ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In ka kewaye gindi da sara, ka datse hanyar abinci ke nan. Ruwa zai ci gaba da hawa ta tsakiyar itace na ɗan lokaci, shi ya sa ake ganin kamar ba komai, amma saiwa tana can tana mutuwa da yunwa. Itacen da ya shekara hamsin yana girma, gatari ɗaya ya gama da shi.

Maɗaci yana cikin itatuwan da masana na duniya suka lissafa a kan suna fuskantar barazana. Maɗobiya kuma, saboda yawan sara ana fita da ita waje, tun 2017 aka sa ta cikin itatuwan da aka kafa wa doka wajen cinikinsu tsakanin ƙasashe. Dattawan da ke nan za su gaya muku nisan da ake yi yanzu kafin a sami sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna.

A 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin noma da ɗibar tsirran magani. Abin da ta ce game da ɓawo da saiwa bai saɓa da abin da tsofaffin masu magani suke yi ba. Ga yadda ya kamata:

1. Sassaƙe. A ɗiba a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, a gefe ɗaya kurum, faɗin kada ya wuce yatsu uku ko huɗu. Kada a kewaye. Kada a koma wa itacen sai tabon ya rufe. In akwai babban reshe, gara a ɗiba a jikinsa a bar gindi. Ƙaramin itace a ƙyale shi.
2. Saiwa. A haƙa gefe ɗaya, a yanki saiwar gefe ɗaya ko biyu. Kada a taɓa uwar saiwa. In an gama a mai da ƙasa a danne.
3. Ganye. A tsinka da hantsi bayan raɓa ta bushe. A zaɓi lafiyayye, ban da mai tabo ko wanda ƙwari suka ci. Kada a tsige itace tas.
4. 'Ya'ya da iri. A bar wasu su zuba, don su ne itatuwan gobe.
5. In ganye zai yi aikin, a bar ɓawo da saiwa. Ganye yana tohowa cikin makonni.

Kuma a nemi izinin mai gona. Itacen da ke gonar wani nasa ne. Dajin gwamnati, irin na Falgore, yana da dokarsa da ma'aikatansa.

NA HUƊU: SHANYA DA AJIYA

Magani mai kyau yana lalacewa a hannun mai shi. A wanke saiwa da ruwa mai tsabta, a yayyanka ta sirara don ta bushe har ciki. A shanya a kan tabarma ko asabari bisa rumfa, nesa da kaji da awaki. Ganye a inuwa ake shanya shi inda iska ke wucewa, don rana tana cinye ƙarfinsa da launinsa. Kada a shanya a ƙasa, kada a shanya a bakin kwalta. Alamar bushewa ita ce ganye ya ruɓuɓɓushe a hannu, saiwa kuma ta karye ƙas.

Abin da bai bushe ba yana yin fumfuna. Manoman gyaɗa kun san wannan matsala. Wata fumfunar tana haifar da guba mai cin hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A ƙasar Kenya a 2004, masarar da ta yi irin wannan fumfuna ta kashe mutum 125. Duk maganin da ya canza launi, ko yake warin danshi, ko ƙwari suka huda, a zubar. Kada a ce asara ce.

A ajiye a tulu mai murfi ko kwalba mai tsabta ko jakar yadi, a rataye sama inda yara ba sa kaiwa. A rubuta sunansa da watan da aka ɗebo shi, ko da boko ko da ajami. Ganyen da ya wuce shekara a sake sabo. Buhun taki, da galan ɗin maganin feshi, da kwalbar fiya-fiya, ko an wanke su sau goma ba mazubin magani ba ne. Haka kuma ƙwaryar da aka gauraya iri da maganin shuka.

NA BIYAR: WA ZAI SHA, KUMA NAWA?

Nan ne aka fi yin kuskure. Ƙarfin sassaƙe ba ɗaya ba ne. Na tsohon itace daban, na yaro daban. Na rani daban, na damina daban. Wanda ya kwana a jiƙe ya fi wanda aka jiƙa yanzu. Ke nan ƙoƙo ɗaya na yau ba lalle ya yi daidai da ƙoƙo ɗaya na jiya ba. A fara da kaɗan. Kada a haɗa itatuwa barkatai, don in an sami matsala ba za a san wanne ne ba. Jiƙon da ya kwana biyu a zubar a yi sabo. Kuma ɗaci ba shi ne shaidar aiki ba.

Iyayenmu mata, wannan naku ne musamman:

1. Jariri daga haihuwa zuwa wata 6 nono kawai yake bukata. Ba ɗauri, ba jiƙo, ba ruwa. Hantarsa da ƙodarsa ba su yi ƙwarin tace magani ba. Man darbejiya ma kada a ɗiga masa a baki, yana sa jijjiga da suma.
2. Mai ciki ta nisanci masu wanke ciki irin filasko, da saiwar zogale, da saiwar sanya, da duk jiƙon da ake cewa yana saurin kawo naƙuda. Ganyen zogale a miya ko kwaɗo abinci ne, wannan ba laifi.
3. Yaro mai gudawa, rashin ruwa ne ke kashe shi. A ba shi ruwan gishiri da sukari, ko na fakiti ko na gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A karɓo masa ƙwayar zinki a ɗakin shan magani, a ci gaba da ba shi nono da abinci.
4. Yaro mai zazzaɓi a kai shi a gwada jininsa a ranar. Zazzaɓin cizon sauro yana iya kai ƙaramin yaro ga suma cikin kwana ɗaya ko biyu. Surace da ganyen darbejiya ba ya maye gurbin maganin kwana uku. Maganin rigakafin da ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina, a karɓa a ba su yadda aka ce.

Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, kada ya ajiye ƙwayarsa don ya sami jiƙo. Ya gaya wa likita abin da yake sha a gida, ba abin kunya ba ne. Mai hawan jini ya rage jiƙon da ake sa wa kanwa, don kanwa 'yar'uwar gishiri ce. Wanda idonsa ya yi rawaya, wato shawara, hantarsa ta riga ta jigata, ƙara mata jiƙo mai ƙarfi ƙara wa jaki kaya ne. A je a gwada jini a san irin shawarar.

Maganin da ake talla da lasifika a kasuwa, wanda aka ce yana warkar da cuta arba'in, a yi hankali da shi. Na kwalba ko na fakiti a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

IN TSAUTSAYI YA FAƊA

In an ga amai ba tsayawa, ko jijjiga, ko sambatu, ko fitsari ya ɗauke, ko numfashi yana wuya bayan an sha wani abu, a tafi ɗakin shan magani mafi kusa ko Babban Asibitin Rano nan take. Kada a sa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura manja ko madara. A tafi da ragowar abin da aka sha, ko reshen itacen da ganyensa, don likita ya gani. Nonon tumfafiya ko na tinya in ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15, kada a murza, sa'an nan a tafi asibiti.

MU SHUKA NAMU

Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da kake sha ita ce ya zama a gonarka ya fito. Zogale reshe ake kafawa ya kama. Irin maɗaci ba ya jimrin ajiya, da ya zuba a shuka shi a leda, a dasa in damina ta zauna, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko kwabo. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun daga 1983, manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani. Lokacin sharar gona, maimakon a sare tohon sabara da kalgo da gawo a ƙone, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture a bar su, a datse sauran. Tun da tsohuwar saiwa tana nan a ƙasa, girmansu ya fi na dashe sauri. An ƙiyasta cewa ta haka aka mai da itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Mu da muka fi su ruwan sama, ba abin da zai hana mu. Ga magani, ga itacen girki, ga abincin dabba, ga ganye yana zuba yana gyara ƙasa.

To jama'a, abin da nake roƙo shi ne, kafin sharar gona ta bana kowane maigida ya kewaya gonarsa da 'ya'yansa. Ya nuna musu tafasa, ya nuna musu rai-ɗore, ya nuna musu zaƙami da bini-da-zugu. Ya zaɓi kututture biyar da zai raya. Dattawan da suka san itatuwa kuma su koya wa matasa, har da ƙima da wanda bai kamata ya sha ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mai neman ƙarin bayani a kan dashen itatuwa ya tuntuɓi malamin gona na KNARDA ko malamin daji na ƙaramar hukumarsa. Maganar rashin lafiya kuwa a kai ta ga ma'aikacin lafiya mafi kusa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.